Zazzaɓin Kifi

Tsakiyar teku, rana ta take. Na-Sani ya jawo ƙaton kifin tuna, ya shimfiɗe shi a dandamalin jirgi, yana gyara hula zai ɗauki hoto.

BABA MASUNCI: Kai ɗan nan, kifi ka kamo ko ango?

NA-SANI: Baba, a bar shi ya huta mana. Minti arba'in muna kokawa.

BABA: Wannan bai san hutu ba. Gudu yake baki buɗe, ruwa na ratsa jajayen abubuwan nan na gefen kansa, da haka yake numfashi. Ya tsaya, ya shaƙe. Dubi wutsiyar kamar jinjirin wata, ga ƙananan fikafikai jere kamar haƙoran zarto, na bayan kuma yana kwanciya cikin tsagi kamar wuƙa a kube. Su ne dangin makarel, wanda kuke kira titus, iri kusan 50.

NA-SANI: (ya dafa shi) Innalillahi! Baba, zazzaɓi yake. A miƙo farasitamol.

BABA: Kai za a ba. Jijiyoyin jininsa a manne suke da juna, jini mai ɗumi na ɗumama mai sanyi, shi ya sa jikinsa ya fi ruwan ɗumi. Yanzu da ka wahalar da shi, zafi da tsamin gajiya sun taru a tsoka. Ka bar shi a haka, naman ya dafa kansa daga ciki, ya koɗe, ya yi laushi, ya yi tsami. Ɗauko kulki.

NA-SANI: Me ya yi kuma?

BABA: Bugu ɗaya a ka, saman idanu, ya daina zillo. Sai wuƙa: bayan fiffiken gefe, faɗin yatsu uku zuwa huɗu, ka soka kamar santimita 2, kowane ɓangare. Jijiyar kusa da fata take, ba yankan layya ba ne. Kwara ruwan teku, jini ya tsiyaye minti 5 zuwa 10. Cire jajayen nan da kayan ciki, ka cusa ƙanƙara a cikin, ka nutsar da shi a kwaɓi: ƙanƙara kashi biyu, ruwan teku kashi ɗaya. Babba irin wannan sai ya yi sa'o'i da yawa kafin sanyi ya kai ƙashi.

NA-SANI: Asarar ƙanƙara kawai. Wuta ai maganin komai ce.

BABA: Ban da wannan. Naman danginsu cike yake da wani sinadari, histidin. In ya daɗe a zafin da ya haura digiri 4 na Salsiyas, ƙwayoyin cuta su mayar da shi histamin, sinadari mai sa wanda ya ci rashin lafiya. Soya, gasa, banda, sa a gwangwani, daskarar, yana nan daram. Kuma sau da yawa ko wari babu.

NA-SANI: To in an ci fa?

BABA: Kafin awa guda fuska ta yi jajir, kai na sarawa, gaba na bugawa, jiki na ƙaiƙayi, wani har da gudawa. Tun a baki ma wani kan ji yaji-yaji.

NA-SANI: Yaji? Ashe har an huta da neman barkono.

BABA: (ya ƙura masa ido) Me kake ta susa a wuya tun ɗazu?

NA-SANI: Sauro ne.

BABA: A tsakiyar teku? Ina makarel ɗin da muka kama da asuba, na ce ka sa a ƙanƙara?

NA-SANI: Lemona na ciki, babu wuri. Amma wallahi Baba na gasa su sosai, har suka yi baƙi. Da ɗan yajinsu mai daɗi.

BABA: Nawa ka ci?

NA-SANI: Huɗu. Na ajiye maka biyu.

BABA: Allah ya saka. Buɗe akwatin magani ka haɗiyi ƙwayar ƙaiƙayi, antihistamin. In ka ji numfashi na sarƙewa ka faɗa da wuri, mu juya jirgi sai asibiti.

NA-SANI: Hoton fa?

BABA: Tsaya kusa da shi a haka. Kai da naman launinku ɗaya.