Kada a manta da ɗan manomin Idaho

Sannu da ƙoƙari, malam marubuci. Na karanta inda ka ce John Logie Baird ɗan Sikotlan shi kaɗai ya ƙirƙiro talabijin, amma da ɗan gyara. Gaskiya ne ya nuna hoto mai motsi a gaban masana a Landan ranar 26 ga Janairu 1926, sai dai na'urarsa faifai ne mai huda-huda da ke juyawa, hoton kuma layi 30 kacal, dishi-dishi, da ƙyar ake gane fuskar mutum.

Ni wanda labarinsa ya fi taɓa min zuciya shi ne Philo Farnsworth. Ɗan manomi ne a jihar Idaho ta Amurka, kuma an ruwaito cewa yana cikin huɗa ya dubi kunyoyin gona a jere, sai dabara ta faɗo masa: haka za a iya zana hoto layi bayan layi da lantarki, ba sai da faifai ba. A 1927, yana ɗan shekara 21, ya aika hotonsa na farko a San Francisco, layi ɗaya miƙaƙƙe. Kamfanin rediyo na Amurka, RCA, ya ja da shi kan haƙƙin mallakar wannan fasaha, sai ga tsohon malaminsa ya ba da shaida da zanen da yaron ya yi masa tun yana ɗalibi. Farnsworth ya yi nasara a 1935.

BBC ma a 1937 ta ajiye tsarin Baird, ta riƙe na lantarki zalla na kamfanin Marconi-EMI. Don Allah a ƙara sunan Farnsworth a labarin nan, ya cancanta.