Kada a ja wutar rediyo daga batir ɗaya a tsohuwar motar soja

Wasu masu farfaɗo da tsofaffin manyan motocin soja sukan ɗauka cewa tunda batir biyu ne a motar, ba laifi a ja wayar rediyo ko ta cajin waya daga guda ɗaya. Wannan kuskure ne mai cin kuɗi.

Yawancin irin waɗannan motoci wutarsu bolt 24 ce: batir biyu masu bolt 12 aka haɗa a jere, kan ja na ɗaya da kan baƙi na ɗayan. Altaneta, wato na'urar da ke cajin batir idan inji yana aiki, tana tura musu caji iri ɗaya, ba ta san wanda aka zuƙe ba. Wanda ake jan wuta daga gare shi ba ya cika, ɗayan kuwa caji ya yi masa yawa, ruwansa ya riƙa tafasa yana ƙafewa, balle a zafin Afrilu. Za ka ga farin gari ya taru a kansa, gefensa ya kumbura. Ba a daɗe ba duka biyun sun mutu.

Abin yi shi ne a sayi na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12, a haɗa ta da batiran biyu gaba ɗaya, a sa mata fis kusa da batir. Idan inji yana aiki, mitar auna wuta ta nuna wajen bolt 28, kowane batir kusan 14. In an tashi canji, a canza su tare, girma ɗaya.

Tirelar da motar za ta ja ma a duba ƙwayayen fitilunta kafin a jona ta da wutar motar, don masu bolt 12 nan take suke ƙonewa.