Kujera Amana Ce: Nasiha Daga Rayuwar George Weah

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

Duk wanda ya kalli ƙwallo a shekarun 1990 ya san George Weah, ɗan Laberiya da aka haifa a 1966, wanda kakarsa ta rene shi a Clara Town, ɗaya daga cikin unguwannin talakawan Monrobiya. Daga nan Allah Ya ɗaukaka shi, ya buga wasa a Kamaru, da Monaco, da Paris, da AC Milan, har ya lashe kyautar gwarzon ɗan ƙwallo na shekara, wato Ballon d'Or, a 1995, wadda har yau babu wani mai buga wa wata ƙasar Afirka wasa da ya sake samu. Kirista ne, amma mai hankali yana ɗaukar darasi a duk inda ya same shi.

A lokacin da yaƙin basasa ya ɗaiɗaita ƙasarsa, gwamnati ba ta da halin kula da ƙungiyar ƙasa, sai ya riƙa sayen rigunan wasa, yana biyan kuɗin jirgi da alawus ɗin 'yan wasa daga aljihunsa, yana kyaftin kuma yana jan ragamar ƙungiyar. Maki ɗaya tak ya raba su da Najeriya a neman gurbin gasar cin kofin duniya ta 2002. Wannan alheri ne ya dasa ƙaunarsa a zukatan matasa, ƙaunar da ta kai shi siyasa.

Sai dai a nan ne ya kamata mu natsu. A 2005 ya sha kaye a zaɓen shugaban ƙasa a hannun Ellen Johnson Sirleaf, ana yi masa gorin rashin ilimi. Daga baya sai ya koma makaranta har ya yi digiri, aka zaɓe shi sanata a 2014, aka rantsar da shi shugaban ƙasa a Janairun 2018. Da ya hau, sai ta bayyana cewa tafin 'yan kallo ba ya sauko da farashin shinkafa. Jama'a sun koka da tsadar rayuwa, kuma a 2022 Amurka ta sanya wa manyan jami'ansa uku takunkumi bisa zargin cin hanci, ciki har da shugaban ma'aikatan fadarsa. Mai kyauta da dukiyarsa daban, mai tsare dukiyar al'umma daban, kuma na biyun ya fi wuya nesa ba kusa ba. Shi ya sa da Abu Zarr, Allah Ya yarda da shi, ya nemi muƙami, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, kujera kuwa amana ce, kuma wulaƙanci ce da nadama ranar ƙiyama, sai ga wanda ya karɓe ta da haƙƙinta ya sauke abin da ke kansa. Sahabi ke nan da babu mai shakkar gaskiyarsa, balle wanda muke tura wa kujera don kawai sunansa ya cika gari, ko don ya taɓa raba mana kuɗi.

Duk da haka, adalci ne a faɗi abin da ya yi a Nuwamban 2023. Joseph Boakai ya kayar da shi da tazarar da ba ta wuce ƙuri'a dubu ashirin da 'yan kai ba, alhali Weah na kan mulki, jami'an tsaro na ƙarƙashinsa, a ƙasar da yaƙi ya ci rayuka kusan 250,000. Tun kafin a kammala bayyana sakamako ya kira abokin takararsa ya taya shi murna, ya roƙi magoya bayansa su haƙura. Mu da muke karanta aya ta 26 a Suratu Ali Imrana, cewa Allah Shi ke bayar da mulki ga wanda Ya so, Ya kuma zare shi daga wanda Ya so, mu dubi yadda shugabancin ƙungiyar unguwa ko kwamitin masallaci ke raba mu da 'yan uwa har a daina gaisawa.

Allah Ya ba masu riƙe da amanarmu ikon sauke ta.