Tunda ba jini, ai ba ciwo?

Ranar Asabar na raka ɗana filin da suke atisaye. Ana cikin wasa yara biyu suka yi tsalle neman ƙwallo, kawunansu suka haɗu, har mu da ke gefe muka ji ƙarar. Ɗaya ya miƙe yana tangaɗi. Babansa na kusa da ni, sai ya ɗaga murya: "Kai, tashi mana! Ba namiji ba ne kai?" Aka juye masa fiya wata a ka, ya koma fili. Ba wanda ya ce uffan, har da ni, kuma abin yana ta cina.

Mu iyaye da ido muke auna ciwo. In ƙafa ta karye, da gudu sai wajen mai ɗori ko asibiti. In kai ne kuma ba jini, ba suma, sai mu ce Allah ya kyauta, a ba shi Panadol. Alhali ƙwaƙwalwa tana iya jijjiga a cikin ƙoƙon kai ba tare da an ga ko ƙwarzane ba, kuma yawancin waɗanda abin ya sama ba sa suma. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, haske ya riƙa damunsa, ka tambaye shi ci nawa ne ya kasa faɗa: alamun ke nan. Babban haɗarin shi ne bugu na biyu kafin na farko ya warke.

Haka ya faru da Zackery Lystedt a jihar Washington ta Amurka a 2006. Yana ɗan shekara 13 kansa ya bugu a wasa, aka mayar da shi fili, daga baya ya yanke jiki ya faɗi. Ya rayu, amma da nakasa. A 2009 jihar ta yi doka da sunansa: duk yaron da ake zargin ƙwaƙwalwarsa ta jijjiga a fitar da shi, ba zai dawo ba sai ma'aikacin lafiya ya sa hannu.

Na 'yan mata ya fi damuna. Namiji mu ce ya jure. Mace in ta ce kanta na ciwo, mu ce raki ne, ko kuma mu samu hujjar da dama muke nema: "Dama ƙwallo ba na mata ba ne, kin bar shi ke nan." To yarinyar da ta san za a raba ta da wasan, me zai sa ta faɗa? Binciken da aka yi a makarantun sakandaren Amurka ya nuna a ƙwallon ƙafa mata sun fi maza samun wannan rauni. Rowan Stringer, 'yar shekara 17 a Ottawa ta Kanada, kyaftin ce a wasan rugbi, wanda ake gudu da ƙwallo a hannu ana kayar da juna. Ta bugu sau biyu cikin 'yan kwanaki, ta gaya wa ƙawayenta a saƙon waya, ba ta gaya wa babba ba. Bugu na gaba a watan Mayun 2013 shi ya zama ajalinta. Lardin Ontario, inda Ottawa take, ya yi doka da sunanta a 2018.

Ban ce a hana yara ƙwallo ba, ni kaina a layi na taso ina buga ta ba takalmi. Amurka dai ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai tun 2015, Ingila ma ta cire shi daga atisayen 'yan firamare a 2020. Mu kuwa har tafi muke wa ɗan shekara takwas in ya tare dogon shot da goshi.

Da muka koma gida na zaunar da ɗana da ƙanwarsa mai wasa a makaranta. Na ce duk wanda kansa ya bugu ya gaya mini, ba faɗa, ba hana wasa har abada, amma na ranar ya ƙare sai likita ya duba. Gobe in Allah ya kai mu zan je in samu kocinsu.