Ranar da Na Zama Ma'ajin Gatta a Jidda

Tun ina firamare a Fagge ake ce min ina da kan lissafi, kuma wannan yabon ne ya kai ni ya baro.

Ina aiki a wani sito na kayan gyaran motoci a Sina'iyya, can kudancin Jidda. Ni ke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Mu shida ne masu jin Hausa a wurin: ni, da Baba direban babbar mota, wanda ya haura shekara talatin a ƙasar har Larabcinsa ya fi Hausarsa gudu, da wasu 'yan Maraɗi biyu, wa da ƙani, masu lodi, da wani Bazazzagi mai gadi, sai wani ɗan Mai Wurno ta Sudan da muke kira Zol, don komai zai faɗa sai ya fara da "ya zol". Kakanninsa na cikin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, suka zauna a bakin kogi kusa da Sinnar. Hausarsa irin ta tsofaffin Sakkwato ce, sai dai an barbaɗa mata Larabci kamar yaji.

Kafin wannan lamari kowa tasa ta fisshe shi. Ni dai da an yi azahar sai in tsallaka titi in sayi rabin kaza da shinkafa bukhari, riyal 15, in ci in yi gyatsa. Tun da aka ɗaga harajin kaya daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari a Yulin 2020 komai ke hawa a hankali, amma ban taɓa zama na auna ba. Sai wani dare a 2024, lokacin da riyal ɗaya ya kai wajen naira 400, na ɗauki biro. Kwana 26 muke aiki a wata, Juma'a kaɗai muke hutu. Riyal 390 ke nan ke tafiya cikin cikina. Da na juya shi zuwa naira sai da na miƙe tsaye na sake zama. Ashe albashin wani nake haɗiyewa da rana tsaka, har da lasar yatsa.

Washegari na tara jama'a a bayan kwalayen birki na gabatar da shiri. Abin da mutanen nan ke kira gatta za mu yi, wato karo-karo: kowa riyal 5 kullum, mu shida riyal 30. A kashe 25, a ajiye 5, ranar Alhamis a haɗa a ci kaza. Kowa zai kashe 130 a wata. Ni kuma zan tsira da 260.

Baba ya shafa gemu ya ce, "Yaro, ka yi tunani. Amma wa zai riƙe kuɗin?"

Duk suka juyo suka dube ni. A lokacin na ɗauka girmamawa ce.

Daren nan na kira gida. Nan ne na tafka babban kuskure, wanda har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Na ce wa uwargida daga wannan watan akwai ƙarin naira dubu ɗari da huɗu a kan abin da nake aikowa. Ta ce, "Maigida, ƙarin albashi aka yi?" Na ce a'a, basira ce kawai.

Satin farko kam sai hamdala. Da hantsi ƙanin 'yan Maraɗi zai je wurin mai ful, wato dafaffen waken nan na Larabawa, ya karɓo babban kwano, a zuba masa man zaitun da tumatir da shatta, ya haɗo da tamis, burodin nan na 'yan Afganistan mai faɗin faifai da ake manna wa a bangon tanda. Mu shimfiɗa leda a ƙasa mu kewaye. Tamis in yana da zafi ba ya buƙatar mai roƙo. Zol kuma ya koya mana abin da ake kira bosh a ƙasarsu: a gutsuttsura burodi a roba, a kwarara ruwan ful a kai, a sa albasa da ɗan cuku da man riɗi, a cakuɗa. Ya ce wai sunan Bush na Amurka aka laƙaba masa. Abinci ne na wanda aljihunsa ya yi rauni, amma wallahi yana riƙe ciki har bayan isha.

Matsala ta farko da na lura da ita, gudun hannu ce. Ni mutum ne mai cin abinci da labari. In na kai loma ɗaya sai na yi sharhi kan farashin masara a Dawanau. 'Yan Maraɗi kuwa, waɗanda suka wuni suna ɗaga injin mota, ba sa magana in an buɗe kwano. Wan yana da wata irin loma da yake naɗe rubu'in tamis gaba ɗaya, ya mai da shi kamar cebur, ya shiga da shi ta gefena ya fito ta gefen Baba. Kafin in gama jimla guda an ga gindin roba. Na koyi yin shiru, amma ina, wanda ya fara koyon gudu da furfura ba zai kamo ɗan tsere ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya karya ni shi ne bismillah.

Kowa ya san yadda abin yake a gida. Kana cin abinci mutum ya gifta, ka ce bismillah, ya ce alhamdulillahi na ƙoshi, ko da kuwa rabonsa da abinci tun jiya. Kai ka fita kunya, shi ya fita kunya, kwano ya tsira. To, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, saboda haka leburorin filin da ke maƙwabtaka da mu sukan shigo inuwar sitonmu su sha iska. Rannan wani dogon Bafakistane mai walda ya zo wucewa, Baba ya ɗaga kai ya ce, "Tafaddal, bismillah."

Mutumin nan ya ce jazakallahu khairan, ya cire takalmi, ya naɗe hannun riga, ya zauna tsakanina da roba.

Na dubi Baba. Baba ya dubi rufi.

Washegari ya dawo da ɗan'uwansa. Jibi suka zo da wani ɗan Bangaladash da ba ya jin Larabci ko Hausa, amma ya san ma'anar roba a buɗe. Kafin sati biyu mun zama mu goma sha ɗaya a kan abincin mutum shida. Na ja Baba gefe na ce, "Baba, don Allah a rage bismillar nan." Ya ce, "Haba yaro, a ƙasa mai tsarki zan ci abinci mutum na kallo? Ai abincin mutum biyu yana isar uku." Na ce na yarda, amma ba a ce na shida zai ishi sha ɗaya ba, har da mai walda. Ya ce in ji tsoron Allah.

Ranar Alhamis ɗin kaza ita ce ranar da na san matsayina a duniya. Riyal 55 muka tara, aka kawo kaza ɗaya da rabi a kan tulin shinkafa. Baba babba ne, cinya tasa ce ba musu. Baƙi kuma baƙi ne, Baba ya yago musu ƙirji da hannunsa. Zol ya ɗauki ɗaya cinyar yana ba ni labarin agashe na Omdurman, wanda ya rantse tsirenmu ne kakanninsa suka kai can. 'Yan Maraɗi suka yi abin da suka saba. Da ƙura ta lafa, abin da ya rage a gabana wuya ne da wata 'yar fata. Bazazzagi ya ce, "Malam Ma'aji, ai shugaba shi ke ci a ƙarshe." Na tsotsi wuyan nan har ya yi fari.

Sai kuma bashi. Littafin gatta ya fara cika da "zan bayar gobe". Mai gadi ya ce sabunta igama, wato takardar izinin zama, ya cinye shi. 'Yan Maraɗi suka ce sai albashi ya shigo, da ya shigo kuma suka ce sun riga sun tura gida. Zol ne kaɗai ban iya ko ɗaga ido na tambaya ba, don tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 gidaje uku yake ciyarwa da albashi ɗaya. Baba kuwa, wa zai bi Baba bashin riyal biyar? Mai ful ba ya karɓar "gobe". Kullum da safe in kuɗi bai cika ba sai in zura hannu aljihu in cike, in rubuta a gefen shafi da ƙananan baƙaƙe don kada zuciyata ta gani.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na sake ɗaukar biro.

Lissafi ya nuna min cewa sayen dafaffe ne ke cutar mu. In na dafa a ɗaki na kawo, ko mutum ashirin ne za su ƙoshi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na nufi Karantina, wurin matanmu 'yan Takari masu baza kaya. Na sayi kuka, da daddawa mai kyau, irin wadda tun daga bakin layi take gaishe ka, da busasshen kifi, da garin samid na tuwo. Riyal 60. Hajiyar da ta sayar min ta ce, "Alhaji, amarya aka kawo?" Na ce a'a Hajiya, tattali nake yi.

Na tashi tun kafin asuba na tuƙa tuwo malmala goma sha biyar, na kaɗa miya tukunya guda. Daddawa kuwa ban yi mata rowa ba. Da azahar ta yi miya ta huce, sai na tuna akwai na'urar ɗumama abinci a ɗan kicin ɗin ofis, inda ake dafa wa mudir, wato manajanmu, shayi. Na zura robar, na murɗa minti takwas, na tafi alwala.

Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne esin ofishin nan guda ne, bututunsa ya ratsa kowane ɗaki.

Ina cikin wanke ƙafa na ji ana gudu. Akawu ya fito da hankici a hanci. Mai shayi ya fito yana salati. Mudir da kansa ya fito da wasu baƙi biyu masu fararen riguna da suka zo ƙulla ciniki, yana daka tsawa a kashe wuta, a buɗe ƙofofi, iskar gas na yoyo. Wani ya ce ba gas ba ne, ɓera ne ya mutu a silin. Wani ya ce masai ce ta fashe. Mudir ya ciro waya zai kira 'yan kwana-kwana. Ni kuwa ina tsaye da ƙafa ɗaya a jiƙe, hancina na gaya min gaskiya: wannan ƙamshin gidanmu ne, ƙamshin miyar Inna ranar da aka yi baƙi.

Na'urar ta yi ƙara, ƙiiing. Kowa ya yi tsit.

Mai shayi ya lallaɓa ya buɗe ta da tsinken tsintsiya. Miya ta tafasa ta yi tsalle, ta shafe bango da rufin na'urar da kore, tana ta yauƙi. Mudir ya leƙa daga nesa ya ce, "Esh haza?"

Na waiga neman 'yan'uwana. Baba ya shige motarsa ya ɗaga gilashi. 'Yan Maraɗi sun duƙufa ɗaga wani kwali da na san babu komai a cikinsa. Mai gadi yana bakin ƙofa yana gadi, karo na farko a tarihin sito. Na tattara ɗan Larabcina na ce, "Shurba, ya mudir." Miya ce.

Ya daɗe yana kallona. Ya tambaya ko ci ake yi. Na ce ƙwarai. Ya ce la haula wala ƙuwwata, ya juya.

Hukuncin da aka yanke: ni zan wanke na'urar, ni zan sayi turaren wuta a turare ofis, kuma kada a sake ganin koren abu ya ƙetare ƙofar kicin. Turare ya ci riyal 40, kuma kwana uku ana jin daddawa na leƙowa ta ƙarƙashinsa.

Abin da ya rage na miyar muka kai bayan sito. Nan fa 'yan'uwan da suka gudu suka bayyana ɗaya bayan ɗaya, kowa da hannu a wanke. Baba ya kai loma ya lumshe ido ya ce rabonsa da irin wannan tun rasuwar yayarsa. Mai walda ya ɗanɗana da ɗan yatsa, ya yi jim, sannan ya cinye malmala uku.

Ƙarshen wata na zauna da littafi. Nawa kason, 130. Cikon da na yi ta yi, 185. Kayan miya 60, turare 40. Jimla 415. A da, lokacin da nake almubazzaranci, ina cin rabin kaza ni kaɗai da cinya da ƙirji da komai, 390 nake kashewa. Na sake bugawa sau uku. Bel ɗina ma ya shaida, don sai da na huda masa sabon rami.

Na tara su a bayan kwalayen birki na ce na ajiye muƙami. Baba ya ce ba a taɓa ma'aji mai amana irina ba, ya ɗaga hannu aka yi min fatiha. Zol ya ce, "Ya zol, in ka bari wa zai riƙe mu?" Mai gadi ya kawo shawarar a ƙara min wa'adi, 'yan Maraɗi suka ce sun goyi baya, kuma za su biya gobe. Kafin in buɗe baki an miƙo min littafin.

Muna zaune kan bosh wayata ta yi ƙara. Uwargida ce.

"Maigida, wata ya ƙare. Na riga na shiga adashin dubu ɗari da matan layinmu, na ce musu basirarka ce za ta biya."

Na ce, "Halo? Halo? Ba na jin ki sosai."

Ina sauke wayar na ga mai walda ya ɗaga hannu yana yafuto wasu mutum uku da ban taɓa gani ba. Da Hausa tsantsa, wadda Baba ya koya masa, ya ce musu, "Bismillah, ku zo mu ci."