Fuska biyu a waya ɗaya

Tun da aka dawo da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet ta Nijar a watan Yunin 2024, wata shawara ta karaɗe Maraɗi, daga fadar 'yan shayi har ɗakunan horar da matasa. Wai ka buɗe shafi biyu. Ɗaya da sunanka na yanka da hoton babbar riga, don masu ɗaukar aiki. Ɗayan kuma da laƙabi da hoton zaki, inda za ka amayar da abin da ke cikinka. Ana kiran wannan wayewa. Ni a wurina ɓuyan jimina ne, kai cikin rairayi, jiki duk a waje.

Ɗan ƙanwata ya bi shawarar. Ba a yi sati biyu ba Facebook ya kawo mini zakin nasa cikin jerin mutanen da wai wataƙila na sani. Na buɗe, sai ga katangar gidansu ta unguwar Zariya a bayan wani hoto, har da buhun gawayin da ke jingine bakin ƙofa. Da na tare shi sai ya ce, "Kawu, wa ya gaya maka?" Na ce, "Ɗana, wayarka ce ta gaya mini." Da lamba ɗaya ya buɗe shafukan biyu, lambar kuma tana cikin wayata tun yana lakwal.

Abin da masu horaswar ba sa faɗa ke nan. Layin Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, da katin shaida ake rajistarsa. WhatsApp da lambar nan yake tsayuwa, duk wanda ke zaure ɗaya da kai yana ganinta. Dokar kuwa ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar da ta kai sefa miliyan 5 kan zagi ko ɓata suna ta intanet, kuma babu ruwanta da sunan da ka rataya wa shafin. To wa laƙabin ya kare? Ƙarfin hali na banza kawai yake ba yaro, ya rubuta abin da ba zai iya furtawa gaban mai unguwa ba.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba maganar kurkuku ba ce. Garin nan da suna aka gina shi. Alhazan Maraɗi, tun zamanin cinikin gyaɗa, kaya suke ɗaukowa daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa a kan magana kawai, don an san wane ɗan wane ne, an san masallacin da yake salla. Ba su da sunan kasuwa daban, na gida daban. Yau shagon ya koma cikin salula, amma ƙa'idar tana nan. Tela ta ɗora ɗinkinta a WhatsApp, wata daga Damagaram ta gani ta yaba, za ta turo kafin alƙalami ta kamfanin tura kuɗi na Nita ko Amana. A wurin tura kuɗin cikakken suna za a tambaya. Shafi ya ce gimbiyar kaza, suna ya fito wani daban, sai mai saye ta mai da kuɗinta cikin jaka. Ta yi daidai, don mazambata ma haka suke yi.

Za a ce mata fa, da samari ke damun su da kira tsakar dare? Wannan layin sana'a daban yake buƙata, ba sunan ƙarya ba. Masu cewa kowa na da 'yancin sirrinsa kuwa, su fara daina tura hoton katinsu ga duk wanda ya yi musu alkawarin aiki a ƙungiyar agaji.

Muna da hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, tana zaune a Yamai. Ta sauko ta yi magana da Hausa a gidajen rediyonmu mana. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ma ta ware ko da yini guda ta nuna wa ɗalibai yadda mai ɗaukar aiki ke laluben sunansu kafin ya buɗe takardunsu.

Ɗan ƙanwar tawa dai ya goge zakinsa daren ranar. Washegari wani abokinsa ya turo hoton rubutun da ya yi wa wani malaminsu cikin zauren 'yan ajinsu, an ɗauka tun kafin a goge, da lambarsa a sama.