Iyayen Zango, dan Allah mu fara siyo ma yaranmu littafin labari

Salamu alaikum jama'a, musamman iyaye na nan Kumasi, mutanen Aboabo da Asawase da Sawaba da Alabar da duk inda kuke. Yau maganar littafi nake so mu yi, amma littafin labari, wanda yaro zai kwanta a tabarma ya karanta don daɗinshi kawai. Don na lura in ka ce ma uba ya siyo ma ɗanshi littafi abin da yake zuwa ranshi shi ne tsofaffin tambayoyin BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, in ya siya wannan shikenan a ganinshi ya sauke nauyi. Yaron nan kuwa da safe yana boko da Turanci, ana koya mishi Twi a aji, da yamma ko ran Asabar da Lahadi yana makarantar malam da Larabci, a gida yana Hausa, harshe huɗu kenan a kan yaro ɗaya, amma duk cikinsu babu inda aka taɓa miƙa mishi littafi aka ce karanta ka ji daɗi ba za a tambaye ka komai ba. Sai mu dawo muna cewa yaran yanzu ba su son karatu sai waya.

Akwai littattafai masu kyau da 'yan Ghana suka rubuta a shekarun nan, kuma wasunsu kaman don mu aka yi su. Wanda na fi so kowace yarinya ta Zango ta karanta shi ne The Kaya Girl na Mamle Wolo, an sake buga shi a 2022. Labarin yara mata biyu ne a kasuwar Makola ta Ankara, wato Accra, Abena 'yar likita da ta zo hutu shagon antinta, da Faiza, Musulma 'yar arewa mai ɗaukar kaya a kai. Wallahi abin da ya sa na riƙe littafin nan shi ne yaranmu kullum suna ganin 'yan matan nan a Kejetia da Adum da kwanonsu, wasu da goyo a baya, muna kiransu su ɗauki kaya mu biya mu wuce, ko sunansu ba ma tambaya. Yaron da ya karanta labarin Faiza zai san cewa wannan mai kwanon tana da uwa da garinsu da burinta, kuma ni ina ganin wannan tarbiyya ce da faɗa da bulala ba za su iya sa ta a zuciyar yaro ba.

Sai The Deep Blue Between na Ayesha Harruna Attah, na 2020, wannan na 'yan sakandare ne. Tagwaye ne Hassana da Husseina, 'yan hari suka faɗa ma garinsu aka raba su, ɗaya ta ƙare a Ankara, ɗayar kuma Legas har Bahia ta ƙasar Brazil. Ku ji sunayen kawai, akwai gidan Zango da babu Hassana ko Husseina? Amma zan faɗa ma iyaye gaskiya tun yanzu, a cikin labarin Husseina ta shiga addinin gargajiya na mutanen can, don haka uba ko uwa su fara dubawa, ko ku karanta tare ku tattauna, wannan ya fi a ɓoye littafin. Ku manyan kuma akwai The Hundred Wells of Salaga na ita marubuciyar, na 2018, labarin yayar tagwayen ne, Aminah, da kasuwar Salaga ta arewacin Ghana lokacin fataucin goro da cinikin bayi. Da yawanmu kakanninmu ta hanyar goron nan suka shigo ƙasar nan, yaƙin Salaga na 1892 ne ya watsa fatake da malamai zuwa wasu garuruwa, amma tambayi saurayi a Aboabo yau me ya sani game da Salaga ka ji.

Na ƙanana akwai Sosu's Call na Meshack Asare, ba sabo ba ne amma har yanzu ban ga kamarshi ba, yaro ne da ba ya iya tafiya, mutanen gari suna gudunshi, shi ne ya ja jiki ya buga ganga ya ceci garin ranar da ruwa ya taso. Ya ci kyautar UNESCO a 1999. Akwai kuma Even When Your Voice Shakes na Ruby Yayra Goka na 2022, kan yarinyar da aka kai aikatau gidan masu kuɗi aka ci zarafinta, wannan iyaye mata su ya kamata su fara karantawa kafin 'ya'yan, don mu ma muna tura yara gidajen 'yan uwa mu ce ai gida ne.

Toh amma ga inda zuciyata take ciwo. Duk littattafan nan da na lissafa da Turanci suke. Harsuna 11 gwamnati take ɗaukar nauyin koyarwa a makarantu, su Twi da Fante da Ewe da Ga da Dagbani da Gonja da sauransu, Hausa ba ta ciki, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana labarai da ita kuma daga Nima har Bawku za ka yi ciniki da ita. Sakamakon shi ne muna da yara, kai har manya masu digiri, da suke jin Hausa kaman me amma ba su taɓa riƙe littafin Hausa a hannu ba, in sun zo rubutu a WhatsApp kowa da irin nashi haruffan. Kuma ba wai ƙasar nan ba ta san rubutun Hausa ba ne. Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya zauna Salaga, ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami waɗanda har yau masana suke nazarinsu a jami'o'i. A ƙasar nan ya rubuta su. Mu jikokin almajiranshi kuma ko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba mu sa a takarda ma yaranmu ba, kakannin da suke ba da ita da daddare suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, Allah ya jiƙansu.

Na san wani zai ce kuɗi, rayuwa ta yi tsada, gaskiya ne ban musa ba. Amma mu duba yayi nawa muke ɗinkawa na aure da suna a shekara, kuɗin yayi ɗaya zai siyo littafi fiye da ɗaya, kuma littafi ƙanne za su gada, 'ya'yan maƙwabta ma su ara. Wanda kuma da gaske babu, laburaren Ashanti yana nan cikin Cultural Centre, a kai yaro a yi mishi rajista. Mutanen Ankara ku kun fi mu sa'a, kuna da laburaren yara a Nima da Mamobi wanda Kathy Knowles 'yar Kanada da ƙungiyarta suka taimaka aka kafa, ga kuma baje kolin littattafai na ƙasa da ake yi duk shekara a garinku. Wayar nan ma da muke kuka da ita, African Storybook da StoryWeaver suna da labaran yara da Hausa kyauta masu hotuna, sai dai Hausar Najeriya ce da Nijar, yaro zai ci karo da kalmomin da ba mu faɗa a nan, ba laifi, ya tambaya a gaya mishi.

Wata Hajiya ta ce min ita ba ta yi boko ba ya za ta yi karatu da yaro. Na ce Hajiya ki zaunar da shi bayan isha'i ya karanta shafi biyu da Turancin, sannan ya ba ki labarin da Hausa, ki tambaye shi me ya sa wance ta yi kaza, in kai ne ya za ka yi. In ya iya mayar miki da labarin toh ya gane, in ya kasa ki sa ya sake. Ba ki buƙatar sanin harafi ko ɗaya, kunnenki kawai yake so da lokacinki.

Roƙona na ƙarshe ga 'yan kasuwarmu masu zuwa Kano da direbobin manyan motoci, in za ku dawo ku saka mana Magana Jari Ce na Abubakar Imam da littattafan Hausa na 'yan firamare ko kwali ɗaya ne a cikin kaya, ku ajiye a shagunan da ake saida Alƙur'ani da carbi a Zango. Duk wanda ya kawo ya sanar a nan, ni zan siya, kuma zan kai wasu makarantar unguwarmu.